Tela ya tambaya: in bari a danna mini baya, a murɗa mini wuya?

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, shekaruna 43, kuma tun ina saurayi nake kan keke. Ciwon baya na saba da shi, amma tun ɗinkin Sallar da ta wuce ya canza salo. Daga ƙugu yake tasowa, ya bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinyar hagu har ƙasan gwiwa. Wuya kuma in na tashi da safe, sai dai in juya da jikina gaba ɗaya. Na sha haɗin kemis har na gaji, wanzami ya yi mini ƙaho, na ji sauƙi na 'yan kwanaki ya dawo. Yanzu wani bawan Allah ya buɗe waje, ya ce shi kairofrakta ne, irin waɗanda muke gani a TikTok suna murɗa mutane ƙashi na ƙara. Ya shafa bayana ya ce ƙasusuwa uku ne suka goce, zai mayar da su a zama 12, amma sai na biya kuɗin duka tun farko. Ya ce har olsar da ke damuna za ta tafi. Yayana ya ce kada in je, in tafi wurin mai ɗorin da ya ɗora ƙafar ɗansa. Ina kuma son in kai mahaifiyarmu, ta haura 70, bayanta ya ranƙwafa, gwiwoyinta na ciwo. Mi ya kamata in yi?

Tela daga Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ka lafiya, Ya ƙara wa Hajiya sauƙi da nisan kwana.

Tambaya uku ka dunƙule, kuma biyu daga ciki amsarsu gajeriya ce. Wuyanka, kada ka miƙa wa kowa ya murɗa. Hajiya, kada a kwantar da ita a danna mata baya. Naka bayan ne mai dogon zance, domin danna ƙashin baya da hannu ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta, sai dai ba abin da wannan mutumin ya faɗa maka ba ne.

Sana'ar tana da asali sananne. A 1895, a garin Davenport na Amurka, wani mai suna Daniel David Palmer, wanda ba likita ba ne, ya ce ya danna ƙashin bayan wani ma'aikaci mai suna Harvey Lillard da ke fama da rashin ji, kunnensa ya buɗe. A kan wannan ya gina ra'ayinsa cewa yawancin cututtukan ɗan Adam daga gocewar ƙashin baya suke, wai ƙashin na danne jijiya, jijiya ta kasa kai saƙo, gaɓa ta kamu. Ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 kuma aka ɗaure shi na ɗan lokaci saboda yin magani ba lasisi. Duk da haka sana'ar ta bunƙasa, yau doka ta san da ita a Amurka da Ingila da Kanada da Afirka ta Kudu. Amma masu yin ta sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda suka tsaya a ciwon baya da tsoka da gaɓoɓi, suna aiki da abin da bincike ya tabbatar. Akwai kuma waɗanda har gobe suke kan maganar Palmer, su ce za su warkar da asma da hawan jini da fitsarin kwance. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Ingila ta faɗa wa 'ya'yanta ƙarara cewa babu hujjar bincike da ke nuna wannan gocewar da suke magana tana jawo cuta. To wanda ya ce maka zai kori olsa ta hanyar danna baya, ka ga gidan da yake. Olsa, yawanci wata ƙwayar cuta ce a ciki ke kawo ta, ko kuma magungunan kashe zafi, irin waɗanda kake sha. Zan dawo kan wannan, don ya fi komai ɗaga mini hankali a wasiƙarka.

Batun ƙasusuwa uku da suka goce. Gadon bayan mutum ƙasusuwa 33 ne jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun manne da juna a ƙasa. Jijiyoyi masu tauri da tsoka mai kauri sun ɗaure su tam. Abin da ke gusar da ɗayansu daga mazauninsa shi ne hatsarin mota ko faɗowa daga saman gini, kuma wanda hakan ta same shi ba ya tashi ya buɗe shago ya yanka shadda. Akwai wani zamewar ƙashi da kan faru a hankali a ƙasan baya, amma hoto ne ke nuna shi, yatsa ba ya ganowa ta saman fata, kuma ba a mayar da shi da dannawa. Saboda haka wanda ya shafa bayanka na minti biyu ya ƙirga uku, lissafin kuɗin zama ya yi, ba lissafin ƙashi ba.

Za ka ce to ƙarar fa? Ai mun ji ta da kunnenmu. Mahaɗar ƙashi irin wannan tana da ɗan ruwa mai santsi a ciki, da iska narke a cikin ruwan. In an ja mahaɗar da sauri, sai iskar ta yi kumfa nan take ta ce ƙas, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an ɓalle marfi. Shi ne dai abin da kake ji in ka ja yatsanka, kuma ka lura ba ya sake yi sai an jima. Babu ƙashin da ya koma ko'ina. Masu bidiyo kuwa sun san ƙarar ce kasuwarsu, shi ya sa ake manna abin ɗaukar sauti a rigar wanda aka kwantar.

Yanzu abin da aikin yake yi da gaske. Mai yi zai kwantar da kai a gefe, ya lanƙwasa gwiwar sama, ya riƙe kafaɗa da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a ƙugu, ya juya ka har inda jiki ya tsaya, sannan ya yi wani ɗan gajeren turi mai sauri. Tsokar da ta ɗaure takan saki, zafi ya ragu, mutum ya miƙe ya ji wasai. Wannan sauƙin gaskiya ne. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 47 a kan mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka ga dannawar na kawo sauƙi daidai da sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, irin su motsa jiki. Daidai da su, ba fiye da su ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ta sa dannawa da tausa cikin abubuwan da za a iya yi, a gefen motsa jiki da wayar wa majiyyaci kai. A jagorar dai ta ce a guji ɗamarar baya da ake sayarwa, da jan mutum da na'ura, da magunguna masu sa maye irin su tiramol. Hukumar ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata cuta takamaimai da za a ɗora wa laifi. Su waɗannan taran ne dannawa za ta iya yi wa rana. Aikin farko shi ne a tabbatar ba kai ne na goman ba.

Kuma naka ciwon ba a ƙugu kaɗai ya tsaya ba, ya sauka ƙafa. Wannan hanyar da ka zana, ɗuwawu, bayan cinya, ƙasan gwiwa, hanyar babbar jijiyar laka ce da ke fitowa daga ƙasan baya. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai wani faifai mai taushi da ke ɗaukar nauyi. In ya tsage ya bulluƙo, yakan taɓa tushen jijiyar ya sa ta kumbura, sai ka ji zafin a ƙafa alhali matsalar na baya. Labari mai daɗi shi ne yawancin masu wannan suna samun sauƙi cikin makonni zuwa 'yan watanni ba tare da tiyata ba, abin da ya bulluƙo ma sau da yawa jiki ne ke tsotse shi da kansa. Kada kuma hoto ya firgita ka in an yi. A wani bincike na 1994 an yi wa mutum 98 da ba abin da ke damun bayansu hoton MRI, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya ɗan turo. Mai neman kuɗinka zai iya nuna maka irin wannan a hoto ya ce ga cutar nan.

Amma akwai alamomin da in ka ga ɗaya, ba maganar kairofrakta ko mai ɗori ko jiran gobe, asibiti za ka nufa a ranar. In fitsari ya riƙe ko ya fara zubowa ba da saninka ba, ko bahaya. In ka zo tsarki ka ji wurin ba ya jin ruwa, tsakanin cinyoyi ya mutu. In silifas ya fara suɓucewa daga ƙafarka, ko kana tafiya yatsu na jan ƙasa. Waɗannan na nufin jijiya ta matsu sosai, kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa ta har abada. Sai wasu da ba su kai wannan gaggawa ba amma ba a wasa da su: zazzaɓi mai dawowa da yamma, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, ko wani ƙullutu da ya fara fitowa a gadon baya. A ƙasarmu tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya cinye shi a hankali, ba dole sai mutum na tari ba. Ƙashin da ciwo ya riga ya rarake, in aka hau shi da ƙarfi, ana iya tashi da shanyewar ƙafafu. Maganin tarin fuka kuwa kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka taɓa yi wa maganin daji, su ma ba a danna su kai tsaye.

Don haka ka fara zuwa a duba ka. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi wanda muka fi sani da asibitin ƙashi, duk a nan Katsina. In lamarin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka ga yadda dubawa ta gaskiya take, don ka auna ta da shafar da aka yi maka. Za a tambaye ka yaushe ya fara, me ke tayar da shi, tari ko atishawa na ƙara shi, yaya fitsari. Za a ce ka taka a kan dunduniya, ka taka a kan yatsu. Za a kwantar da kai rigingine a ɗaga ƙafarka a miƙe a ga inda zafin zai harba. Za a buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da ɗan guduma, a ce ka ɗaga babban yatsa likita na danne shi, a taɓa fatar ƙafa nan da can a ce ko ka ji. Ba kowa ake wa hoto ba, kuma rashin yin sa ba sakaci ba ne. Daga nan ka nemi a tura ka sashen gashi, wato gashin ƙashi, inda ake magani da motsa jiki. Likitocin gashi da yawa sun iya sassauta gaɓa da hannu, su haɗa maka da atisayen da za ka riƙa yi a gida, wanda shi ne ke hana ciwon dawowa.

In an duba an ce ba wani abin tsoro, kuma har yanzu ranka na son gwada dannawar a ƙugu, ba zan hana ka ba, amma da sharaɗi. Ka tambayi mutumin inda ya yi karatu da shekara nawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta ce karatun bai kamata ya gaza awa 4,200 cikin shekara huɗu ba, har da awa 1,000 na aiki a kan majiyyata a gaban malami. A nahiyarmu ana koyar da shi a jami'o'i a Durban da Johannesburg na Afirka ta Kudu. A Najeriya kuma hukumar MRTB da aka kafa a 1988, wadda ke rajistar likitocin gashi, ita ke da alhakin rajistar masu wannan sana'a. Ka ce ya nuna maka lasisinsa na bana. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Takardar kwas na mako biyu da aka manna a bango ba lasisi ba ce. Kuma kada ka biya kuɗin zama 12 a dunƙule. Ka biya na ranar a ranar. In an yi zama huɗu zuwa shida ba ka ga canji a tafiyarka da barcinka da zamanka a kan keke ba, ka tsaya. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan dannawa ba abin damuwa ba ne, amma in zafin ƙafar ya ƙaru ko ƙarfinta ya ragu, an gama, ka koma asibiti.

Wuya kuwa dalilina daban ne. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin wasu ƙananan ramuka a ƙasusuwan wuya, su hau su shayar da bayan ƙwaƙwalwa. Murɗa ta farat ɗaya na iya tsaga bangon ɗayansu daga ciki, jini ya dunƙule, gudan ya tafi ya toshe, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, masana ma suna gardama, wasu na cewa mutanen sun je ne da tsagewar tun farko, ita ce ma ta sa su ciwon wuyan. Ko ma wanne ne, a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majiyyaci wannan haɗarin kafin a taɓa wuyansa. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne, motsa wuya a hankali da atisaye suna ba da kusan irin sauƙin da murɗawar ke bayarwa. To me zai kai ka? Garin neman gira ake rasa ido. Wannan gargaɗin ya haɗa da masu askin da kan kama kan mutum bayan sun gama su karya masa wuya hagu da dama wai kyautatawa. Ka ce na gode, a bar shi. Wanda aka riga aka murɗa kuma ya ji jiri, ko gani biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, ko matsanancin ciwo a ƙeya, a garzaya da shi.

Yayanka ba shi da laifi, abin da ya gani ya faɗa. Masu ɗori gadon gidansu ne, kuma mutanenmu sun daɗe suna zuwa wurinsu da karaya da targaɗe. Amma kai ba karaya gare ka ba, babu abin da za a ɗora, kuma gadon baya laka ce a cikinsa, ba kamar ƙwauri ba. Ka tafi da shi ranar da za ka asibiti ya ga yadda ake dubawa, ya fi ku tsaya musu a zaure. Ƙaho ma haka, ɗumi da ja na sassauta tsoka na ɗan lokaci, ba ya isa inda jijiyar take.

Ni a ganina rabin maganinka na cikin shagonka. Na san zaman tela: benci ba majingina, ƙafa ɗaya na kan mataki, kai a sunkuye a kan allura daga hantsi har La'asar, in azumi ya raba kuma har asuba. Yanka a ƙasa a kan tabarma, a duƙe. Ka samu kujera mai baya, ka naɗe ragowar yadi ka tokara a ƙugu. Ka ɗaga yanka da guga zuwa tebur mai tsayin kwankwasonka. Duk rabin awa ka miƙe, ka ɗora hannu a ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya, ka taka zuwa bakin titi ka dawo. In ba ka son duba agogo, ka mai da shi ƙa'ida: an gama hannun riga, an tashi. Kada ka kwanta jinya kwana da kwanaki, kwanciya na ƙara sandarar da baya. Tafiya a ƙasa kullum, ko zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, tana cikin magani. Ranar da ruku'u ya gagara, ka san addini ya sauƙaƙa, a yi a zaune, amma da zarar ka iya ka koma tsayuwa.

Sannan ka je a auna idonka. Daga shekara 40 ganin kusa yake fara raguwa, tela kuma ba ya lura, sai dai ya ga yana ƙara kai fuska kusa da allura. Na fi zargin wannan a ciwon wuyanka fiye da kowane ƙashi. Tabarau na karatu da fitila mai haske a saman keke na iya yin abin da zama 12 ba za su yi ba.

Yanzu haɗin kemis. Abin da aka fi zubawa a irin wannan ƙullin shi ne diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone. Ukun farko 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa. Suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, balle a sha su da sahur a wuni ba ruwa a zafin Katsina. Kai da ke da olsa, wannan ya fi ciwon bayan haɗari. In ka ga bahayarka ta yi baƙi ƙirin ko ka yi aman jini, jini ne ke zuba a ciki, ka tafi asibiti nan take. Ka daina sayen ƙullin da ba ka san sunan abin da ke ciki ba, ka kwashi ragowar ka kai wa likita ya gani. In akwai dexamethasone ko prednisolone kuma ka daɗe kana sha, ba a yanke su rana ɗaya, likita ne zai rage maka a hankali.

Hajiya kuma, ranƙwafawar baya a shekarunta sau da yawa alamar ƙashi ya yi laushi ce, abin da ke samun mata bayan al'ada ta ɗauke. Wasu ƙasusuwan sukan lotsa da kansu ba tare da faɗuwa ba. Irin wannan bayan, turi ɗaya na iya karya shi ko ya karya haƙarƙari, kuma ba wanda zai miƙar da shi da hannu. Ku kai ta a duba, a ga ko tana buƙatar maganin ƙarfafa ƙashi. Gwiwoyin, in amosanin tsufa ne, abin da ke taimako shi ne ƙarfafa tsokar cinya: tana zaune a kujera ta miƙe ƙafa, ta riƙe ta ƙirga goma, ta sauke, safe da yamma. A samo mata sanda ta riƙe a hannun da ba na gefen gwiwar da ta fi ciwo ba, a yi mata kujerar bayan gida don ta huta da tsuguno, a gyara duk inda ke da santsi a tsakar gida da wurin alwala. Maganin shafawa ya fi mata aminci a kan na haɗiya. Ka kuma sa ƙannenka mata su duba jakarta da ƙarƙashin filo, domin ba mamaki ita ma jikoki na sayo mata irin ƙullin da kake sha. In an samu, a haɗa da naka a kai wa likitan.